Yadda Ake Ƙara wa Fitilun Motar A-kori-kura Haske Domin Tafiyar Dare

Idan mai motar a-kori-kura ya fara kukan cewa ba ya ganin hanya da dare, abin da yakan fara faɗo masa a rai shi ne ya nufi Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, ya sayo ƙwan fitilar da ya fi kowanne fari da walƙiya, ya ba ɗan rewaya ya ɗaura masa. A ganina wannan shi ne aikin da ya kamata ya zo a ƙarshe, domin a yawancin motocin da suka kwana biyu hasken yana nan, sai dai yana zubewa ne a wurare uku kafin ya isa kwalta: a jikin gilashin fitilar da ya dushe, a cikin wayoyin da suka tsufa, da kuma a saitin da ya karkace. Wanda ya ɗora sabon ƙwai a kan waɗannan matsaloli zai kashe kuɗi, ya kashe wa masu tahowa ido, kuma ba zai ga rami da wuri fiye da yadda yake gani a da ba. Zan ɗauki Toyota Hilux a matsayin misali saboda ita ce ta fi yawa a hannun 'yan kasuwa, manoma da ma'aikatu, amma bayanin ya shafi sauran 'yan uwanta irin su Mitsubishi L200, Ford Ranger da Isuzu D-Max.

Yana da kyau a fara da lissafin da ke nuna dalilin wannan aiki. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Direba yakan ɗauki kamar daƙiƙa ɗaya da rabi tsakanin ganin abu da taka birki, wato mita 42 ke nan sun wuce, sannan birkin kansa yana buƙatar mita hamsin zuwa sittin a kan busasshiyar kwalta kafin motar ta tsaya, balle kuma idan an loda mata buhunan masara. Jimilla ana maganar kusan mita ɗari. Ƙaramar fitila, wadda direbobi ke kira dim, a mota mai ƙwan halojin, wato ƙwan fitila na yau da kullum mai siririn zare a ciki, ba ta cika nuna abu sarai ba fiye da mita hamsin zuwa saba'in, ko da komai nata lafiya lau yake. Saboda haka duk mitar da aka rasa saboda dusasshen gilashi ko raunin wuta tana fita ne daga tazarar da dama can ba ta wadata ba, a kan hanyoyin da ake cin karo da tirelar da ta lalace ba alama, da shanu masu tsallakawa, da mai babur wanda ba shi da fitilar baya.

Gilashin fitila

Abin da muke kira gilashin fitila a motocin zamani ba gilashi ba ne, wata roba ce mai tauri da aka shafe da siririn fenti marar launi domin ya kare ta daga rana. Zafin ranarmu yana cinye wannan shafi, ƙurar hunturu kuma tana kankare abin da ya rage, har fuskar fitilar ta koma rawaya-rawaya mai hazo. Ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta gwada irin waɗannan fitilu a shekarar 2018, ta tarar cewa wadda ta dushe sosai tana ba da kashi 22 cikin 100 kacal na hasken sabuwa, kuma gogewa takan dawo da ita zuwa kusan kashi 70. Babu wani ƙwai a kasuwa da zai maido da asarar da ta kai haka.

Gogewar ba ta da wuya, amma tana son haƙuri. A wanke fitilar da sabulu, a liƙa salatif mai kauri a kan fentin motar da ke kewaye da ita don kada a kuje shi, sannan a fara gogawa da samfefa mai lamba 800 ana zuba ruwa ba ƙaƙƙautawa. Ana gogawa ne a miƙe, ba a zagaye ba, har sai ruwan da ke gangarowa ya daina zama rawaya ya koma fari. Daga nan a koma lamba 1000, sai 1500, sai 2000, a ƙare da 3000 idan an samu, kuma duk lokacin da aka sauya lamba a sauya ɓangaren da hannu ke bi, daga kwance zuwa tsaye, domin sabon zane ya share na baya. A tsakiyar aikin fitilar za ta yi kamar an ɓata ta gaba ɗaya, kada hankali ya tashi. Bayan man goge fenti ya fito da sheƙinta, sai a zo ga matakin da masu gogewa a bakin titi suka fi tsallakewa, wato fesa sabon shafi mai kare hasken rana. Fitilar da aka goge aka bar ta haka nan za ta sake dushewa cikin 'yan watanni, domin an kankare ɗan kariyar da ta rage mata.

Kafin a ɓata ƙarfi a kan gogewa, a leƙa cikin fitilar. Idan madubin da ke bayan ƙwai ya ƙone, ya yi toka-toka ko ya fara ɓarewa, ko kuma ruwa yana kwanciya a ciki bayan kowane ruwan sama, to gidan fitilar ne ya mutu, sai dai a saya wani. Wannan madubi ba a goge shi da tsumma, domin shafi mai launin azurfa da ke kansa siriri ne ƙwarai, taɓa shi kawai yana iya cire shi.

Wajen sayen wani gidan fitila akwai abin da ya kamata kowa ya duba, kuma da yawa ba su san da shi ba. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, Ghana ta biyo baya a 1974, Nijar da Kamaru da Chadi ma a dama suke. Fitilar da aka ƙera domin irin waɗannan ƙasashe tana yanke haskenta a kwance ta ɓangaren hagu, inda motoci ke tahowa, sannan ta ɗaga shi sama ta ɓangaren dama domin a ga gefen titi da allunan hanya. Ta ƙasashen da ke tuƙi a hagu, irin su Ingila, Japan, Tailan da Afirka ta Kudu, akasin haka take yi. Da yake ana ƙera Hilux a Tailan da Afirka ta Kudu, kuma kayan gyara na hannu suna shigowa daga ko'ina, abu ne mai sauƙi mutum ya ɗaura fitilar da ke watsa haske cikin idon mai tahowa tana barin gefen titinsa a duhu. A duba rubutun da ke jikin gilashin, kusa da da'irar da ke ɗauke da harafin E da lamba. Idan akwai kibiya mai kai ɗaya a wurin, fitilar ta masu tuƙi a hagu ce, a ajiye ta. Wadda ba ta da kibiya, ko mai kibiya mai kai biyu, ita ce ta dace da hanyoyinmu.

Wutar da ke isa ga ƙwai

Wannan shi ne ɓangaren da ya fi ba da riba a kan kuɗi kaɗan, kuma shi ne aka fi mantawa da shi. Ƙwan halojin yana da tsananin kula da ƙarfin wutar da ke shigarsa: idan ta ragu da kashi 10 cikin 100, haskensa yana raguwa da kusan kashi 30. A tsohuwar mota wuta tana tashi daga batir, ta bi ta akwatin fis, ta ratsa makunnin da ke jikin sitiyari da soket iri-iri da suka sha tsatsa da ƙura, kafin ta iso ga ƙwai, kuma kowace mahaɗa tana cin nata rabon.

Gano wannan yana buƙatar mitar auna wuta kawai, wadda kowane ɗan rewaya na kirki yake da ita. A tayar da mota, a kunna fitila, a auna wuta a kan batir. Idan altaneta tana caji yadda ya kamata, za a ga tsakanin bolt 13.5 da 14.5, kuma idan adadin ya gaza haka, to a fara gyara caji tukuna. Daga nan, fitila tana kunne kuma soket yana manne da ƙwai, a auna wutar da ke tsakanin ƙafafun ƙwan ta bayan soket ɗin. Bambancin da ke tsakanin awon biyu shi ne abin da wayoyi suke cinyewa. Rabin bolt ba abin damuwa ba ne, amma idan ya kai bolt ɗaya ko ya wuce, kamar a ce batir yana nuna 14.0 ƙwai kuma yana samun 12.6, to kusan kashi ɗaya cikin uku na hasken yana ƙarewa a cikin waya.

Wani lokaci tsaftacewa kaɗai ta isa: a kwance wayar nagatib da ke ɗaure a jikin bodi, a kankare tsatsar wurin har ƙarfe ya fito fes, a mayar a ɗaure tamau, sannan a sauya duk soket ɗin da ya narke ko ya yi baƙi. Idan asarar ba ta gushe ba, maganin shi ne a ja sabuwar waya mai kauri kai tsaye daga batir zuwa fitilu ta hanyar rile, wato ƙaramin makunnin da wuta ke kunnawa ba hannu ba, a bar tsohuwar wayar motar ta zama mai ba da umarni kawai. Ana buƙatar rile biyu masu ɗaukar amfiya 30 ko 40, ɗaya na dim ɗaya na ful, wato babbar fitila, da waya mai kaurin murabba'in milimita 2.5, da soket na tangaran wanda zafi ba ya narkarwa, da fis mai amfiya 15 a kan kowane layi, a dasa shi kusa da kan batir gwargwadon iko. A jikin rile za a ga lambobi huɗu: 30 yana zuwa batir ta cikin fis, 87 yana zuwa ƙwai, 85 da 86 kuma su ne ke karɓar umarni daga tsohon soket. Fis ɗin ba abin wasa ba ne, domin wayar da ta fito daga batir ba fis, idan ta goge a jikin ƙarfe, gobara ce. Duk mahaɗa a matse ta da abin matse waya ko a yi mata dalma, kada a yarda da murɗa wayoyi biyu da hannu a naɗe da salatif.

Akwai wata ɗabi'a ta motocin Toyota da yawa, har da tsofaffin Hilux, wadda ke rikita wanda bai saba ba. A cikinsu wutar fozitib tana zaune a kan ƙwai, makunni kuma nagatib yake haɗawa ko ya yanke, saɓanin yadda aka saba a wasu motoci. Idan aka sayo haɗaɗɗiyar wayar rile da ba a yi ta domin wannan tsari ba, sai a ga dim da ful sun kama tare, ko shuɗiyar alamar ful da ke kan dashbod ta daina kamawa. A sa ɗan rewaya ya auna soket ɗin ya tabbatar da tsarin motar kafin ya yanke ko da waya ɗaya.

Saiti

Bayan gilashi da wuta sai saiti, kuma kyauta ne. Ana buƙatar fili mai shimfiɗe daidai, da bango, da tef na awo, da alli, da kuma duhun magariba. A tabbatar iskar tayoyi daidai take, a bar wa motar nauyin da ta saba yawo da shi, a sa wani ya zauna a kujerar direba. A matso da motar daf da bango, a yi alama a kansa daidai tsakiyar kowace fitila, a ja layi a kwance tsakanin alamomin biyu, sannan a ja da baya a miƙe har fitilun su yi nisan mita 10 daga bangon.

A jikin gidan fitila, ta sama idan an ɗaga bonet, yawanci akwai wani ɗan rubutu kamar 1.0% ko 1.2% ko 1.5%. Wannan shi ne gwargwadon sunkuyawar da masu ƙera motar suka tsara wa dim. A nisan mita 10, kashi 1 yana nufin iyakar hasken ta sama ta sauka santimita 10 ƙasa da layin allin, kashi 1.5 kuma santimita 15. Idan rubutun ya goge, a ɗauki santimita 15, domin a-kori-kura doguwa ce, fitilunta suna kusa da tsayin idon mai ƙaramar mota. A kare fitila ɗaya da kwali ba tare da an manna shi a jikinta ba, a juya sukurun saitin ɗayar har iyakar hasken ta zauna inda ake so. Sukuru ɗaya yana ɗagawa da saukewa, ɗayan yana kai hasken hagu da dama, kuma wurin da layin haske ya karye ya fara hawa ta dama ya kamata ya zauna daidai ƙarƙashin alamar tsakiyar fitilar. Lissafi yana nuna muhimmancin 'yan santimitocin nan: fitilar da ke da tsayin santimita 90 daga ƙasa, idan ta sunkuya da kashi 1.5 haskenta yana taɓa kwalta a mita 60, idan kuwa ta sunkuya da kashi 3 a mita 30 zai tsaya.

Abin da ya bambanta a-kori-kura da sauran motoci shi ne kaya. Tsakanin tayar gaba da ta baya a Hilux akwai kimanin mita 3, saboda haka idan lodi ya danne bayanta da santimita 6 kawai, hancinta ya ɗaga da kusan kashi 2, wanda ya isa ya share sunkuyawar da aka saita gaba ɗaya, dim ya koma yana haska fuskokin mutane da rassan bishiya. Wannan ne ya sa direba zai ga masu tahowa suna ta ƙyafta masa fitila alhali bai kunna ful ba. Wasu samfuran suna da ɗan maɓalli mai juyawa kusa da sitiyari, mai lambobi daga sifili zuwa sama, wanda ke sunkuyar da fitilun, kuma domin wannan aka yi shi: sifili na mota ba kaya, manyan lambobin na lodi. Wanda motarsa ba ta da shi, kuma kusan kullum da kaya yake tafiyar dare, ya yi saitinsa da kayan a kai. Haka nan duk wanda ya sauya sifirin, ko ya ɗaga motar, ko ya sa manyan tayoyi, dole ne ya koma gaban bango.

Zaɓen ƙwai

Sai yanzu maganar ƙwai ta zo. A fara da sanin lambar da motar ke ɗauka, wadda ke rubuce a gindin tsohon ƙwan. Hilux ɗin da aka yi daga 2005 zuwa 2015 tana amfani da H4, ƙwai ɗaya mai zare biyu, wat 55 na dim da wat 60 na ful, wanda ke ba da kimanin lumen 1,000 da 1,650 (lumen shi ne ma'aunin yawan haske). Wasu motocin suna raba aikin, su sa H7 ko H11 a dim, HB3 a ful. Halojin yana dushewa a hankali tun kafin ya mutu, don haka sabon ƙwai na asali kaɗai yakan nuna bambanci. A riƙa sauya biyun tare, kuma kada yatsa ya taɓa gilashin ƙwan, domin maiƙon hannu yana sa wurin ya yi zafi fiye da kima har ya kumbura ko ya fashe.

Ga wanda fitilarsa mai madubi ce, wato wadda ake hango ƙwan tsirara a tsakiyar kwanon azurfa, zaɓin da na fi amincewa da shi shi ne ingantaccen halojin mai ƙarin haske, irin Osram Night Breaker ko Philips RacingVision. Wat ɗinsu ɗaya ne da na asali, ba sa wahalar da waya, kuma zarensu yana zaune daidai inda madubin ke tsammaninsa. Alƙaluman da ke jikin kwalinsu, kamar +150 ko +200, ba suna nufin haske ya ninka haka a ko'ina ba ne, suna magana ne a kan wuri mafi haske a cikin shimfiɗar hasken. Farashin wannan ƙari shi ne gajeren rai, domin sukan mutu da wuri fiye da ƙwai na yau da kullum, musamman bayan an sa rile wuta ta ƙaru. Tun da ana yin jabunsu da yawa, a saya a wurin wanda aka sani, a kuma yi shakkar duk wanda arharsa ta yi yawa.

Abubuwa biyu ne zan ce a guje musu kai tsaye. Na farko shi ne ƙwai mai wat 100 ko 130, wanda ke jan wuta kusan ninki biyu, ya narkar da soket, ya ƙona madubi, ya bar mutum da fitilar da ta fi ta da duhu. Na biyu shi ne halojin mai shuɗin gilashi, domin shuɗin fenti ne da ke tace wani ɓangare na hasken ya zubar, sai ido ya ga fari ya ɗauka ƙari ne alhali ragi ne.

Ƙwan LED shi ne abin yayi, kuma a nan ne aka fi yin ɓarna. Madubin fitilar halojin an lissafa shi ne a kan siririn zare guda mai wani tsayi, a wani takamaiman wuri, yana ba da haske ta kowane gefe. Ƙwan LED kuwa ƙananan ƙwayoyi ne a kan faranti, kuma idan farantin ya yi kauri, ko ƙwayoyin sun fi zaren faɗi, ko sun goce da milimita ɗaya ko biyu, madubin zai watsa hasken inda ba a nufa ba. Sakamakon shi ne gaban mota ya yi fari fat har mita ashirin, direba ya ji daɗi, amma wannan farin na kusa yana sa ƙwayar idonsa ta tsuke, nesa kuma ta ƙara yi masa duhu, mai tahowa kuma ya rasa inda gefen titinsa yake. A kan hanya mai layi ɗaya irin wadda ta haɗa yawancin garuruwanmu, direban tankar da aka makantar yana wucewa ne da tazarar da ba ta fi kamu biyu ba daga wanda ya makantar da shi. Ba banza ba sai a 2020 Jamus ta fara amincewa da irin wannan ƙwai a kan titi, shi ma ga jerin motocin da aka gwada shi a cikin fitilunsu ɗaya bayan ɗaya.

Wanda duk da haka ya zaɓi LED, ya nemi mai siririn faranti, mai ƙwayoyi a gefe biyu kawai, waɗanda tsayinsu da wurin zamansu suka yi daidai da zaren halojin idan an jera su kusa da juna. Na H4 dole ne ya kasance da 'yar garkuwar da ke kare ƙwayoyin dim, kamar yadda na asali yake da ita. Wajen ɗaurawa, ƙwayoyin su kalli hagu da dama, ba sama da ƙasa ba. Kada a kula da rubutun lumen 20,000 ko 50,000 da ke jikin kwali, domin ƙwan da ke cin wat 25 zuwa 30 abin da yake bayarwa bai wuce lumen dubu biyu zuwa uku ba. Zafin LED a gindinsa yake taruwa, shi ya sa ake sa masa 'yar fanka, kuma ƙura ita ce ajalin wannan fanka, don haka a tabbatar murfin robar da ke bayan fitila ya koma ya rufe ba tare da ya danne ta ba. Alƙalin ƙarshe shi ne bango: idan iyakar hasken ta fito a yanke sarai kamar yadda take da halojin, an dace, idan kuwa ta watse haske ya fantsama sama, a cire shi komai tsadarsa. Game da launi, wanda ake aunawa da Kelbin (ƙaramin adadi ya fi rawaya, babba ya fi fari zuwa shuɗi), halojin yana wajen Kelbin 3,200, yawancin LED kuma 6,000 zuwa 6,500. Tsakanin 4,300 da 5,000 ya fi sauƙi ga ido a doguwar tafiya, abin da ya haura 6,500 kuwa ado ne kawai.

Ƙwan zenon, wanda ake kira HID, yana ba da kimanin lumen 3,200 da wat 35 kacal, amma wurinsa cikin fitila mai furojekta ne, wato mai ƙwallon gilashi a gaba da ƙarfen da ke yanke hasken a ciki. Sa shi a fitila mai madubi ya fi LED muni wajen kashe ido. Wanda yake da hali kuma yake yawan tafiyar dare, hanya mafi inganci ita ce ɗayan biyu: ko dai ya sayi cikakken gidan fitilar LED na asali irin wanda ke zuwa a manyan samfuran motarsa, tare da wayar da ke daidaita soket ɗinsu, ko kuma ya sa ƙwararre ya buɗe fitilarsa ya dasa furojektan LED mai dim da ful a haɗe. Aiki na biyu yana buƙatar a gasa fitilar har ɗankon bakinta ya saki, a kuma mayar da ita da sabon ɗanko, kuma idan ba a rufe da kyau ba damina ɗaya za ta cika ta da raɓa. Shi ma furojektan akwai na tuƙin dama da na hagu, a tantance kafin a biya.

Ƙarin fitilu da hazo

Dogon sandan LED da ake ɗaurawa a gaban mota yana da amfani na gaske ga mai shiga daji, gona ko hanyar ƙauye inda ba kowa. Sharaɗinsa shi ne a haɗa shi da nasa rile da fis, a kuma ɗauko umarninsa daga layin ful tare da wani makunni na daban, ta yadda da zarar an koma dim zai mutu da kansa. A kan babbar hanya mai zirga-zirga ba shi da wuri, kuma jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa da na VIO suna da hurumin tsayar da mota a kan fitilun da suka saɓa ƙa'ida. Ɗaura shi a kan rufin mota yana da kyan gani, sai dai haskensa yana dukan bonet ya dawo ido, kuma yana haska ƙurar da ke daidai gaban gilashi. Daidai tsayin bamba ko ƙasa da bakin bonet ya fi.

A watannin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da hazo ke rufe hanya, ƙarin haske daga sama ƙara makanta yake yi, domin ƙurar da ke rataye a iska tana maido da shi cikin idon direba. Abin da ke aiki a lokacin shi ne dim tare da fitilun hazo da aka dasa ƙasa a jikin bamba, masu shimfiɗa haske a faɗi kuma a yanke, waɗanda ke nuna gefen kwalta da farin layi. Masu launin rawaya, wajen Kelbin 3,000, sun fi daɗin kallo a cikin ƙura da ruwan sama. Su ma ana saita su a bango, iyakar haskensu tana ƙasa da tsayinsu, kuma ana kashe su idan sarari ya washe.

A irin wannan yanayi ƙura takan lulluɓe fuskar fitila cikin tafiyar awa biyu ko uku, don haka duk inda aka tsaya shan mai ko salla a zuba mata ruwa kafin a share, domin goge busasshiyar ƙura da tsumma yana zane robar. Gilashin gaba ma a wanke shi ta ciki, inda wani siririn maiƙo ke taruwa yana tarwatsa hasken motocin da ke tahowa, a sauya robar waifa idan tana barin zane, a kuma rage hasken dashbod da na allon rediyo. A ajiye tsofaffin ƙwayayen da aka cire a cikin kwalinsu tare da fis biyu ko uku a aljihun mota, domin ƙwai mai ƙarin haske ba ya ba da sanarwa kafin ya mutu, kuma sauya H4 a gefen hanya aikin minti biyar ne ga wanda ya taɓa gwadawa da rana a gida.